Ranar da Na Karɓi Geji a Hannun Babanku

Na san abin da kuke faɗa in kun taru ba na nan. Kuna cewa Inna ce ta rufe garejin Baba. Lawali ya gaya wa matarsa, matarsa ta gaya wa maƙwabciya, magana ta zagayo ta iske ni ina tankaɗe a tsakar gida. Ban musa ba a ranar, ba kuwa zan musa a takarda ba. Ni na rufe shi, da hannuna da bakina, a gaban maza, wata Asabar bayan la'asar. Sai dai ku ƙarshen maganar kuka tsinta. Lawali yana makarantar kwana a Gusau lokacin, Saratu tana goye, sauranku kuna wasan ƙasa. Tunda Allah ya nufa na koyi riƙon biro da furfura a kaina, zan ajiye muku farkonta. Ku karanta ina raye ko bayan raina, duk ɗaya ne a wurina.

Ba zan rubuta sunan babanku ba. Ban taɓa kiransa ba yana raye, ba zan fara yanzu ba. A Kaura kowa Bakanike yake ce masa, kamar babu wani mai gyaran babur a garin sai shi. Garejin nasa ba komai ba ne illa zauren gidanmu da rumfar kwano a gabansa. Amma daɓen zauren nan shi ya zuba simintinsa da hannunsa, ya wuni yana ɗora faranti cike da ruwa a nan, ya ɗauke ya ɗora a can, yana duba ko ruwan ya karkata. Na yi masa dariya ranar, na ce wannan daɓe kamar za a yi wa sarki shimfiɗa a kai. Ya ce da ni in ƙasa ta karkata, mai ma karkata yake yi a cikin inji, in mai ya karkata kuwa geji ƙarya zai faɗa. Geji shi ne ɗan sandan nan da ke manne a jikin murfin da ake zuba baƙin mai. Yana da zane biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma duk rayuwar inji tsakanin zanen nan biyu take. Babanku ba ya juyen mai a rumfa. Sai ya turo babur cikin zaure, ya ɗora shi a kan babbar ƙafa ta tsakiya don ya tsaya cak, ya zubar da tsohon, ya zuba sabon da ɗan ragi, ya tada injin ya bar shi ya ɗan yi kuka, ya kashe, ya jira man ya kwanta. Sannan ya goge geji, ya saka shi ba tare da ya murɗa ba, ya zaro ya duba, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya taɓa kusa da zanen sama. Kullum sai an sami saura a gorar, kamar yatsa biyu, domin cikin baburan nan ba ya ɗaukar lita guda. Sauran nan a wani gwangwani yake tarawa, duk wanda ya tsaya, ko da mai keke ne, a shafa masa a sarƙa kyauta. Haka ya gada daga ubangidansa, ba wanda ya taɓa ɗaga ido a kai.

Da aka ba mu jiha, Gusau ta zama babban birni, babura suka yi yawa kamar fara. Ma'aikata suka saya, 'yan kasuwa suka saya, samari suka shiga kabu-kabu, daga tashar jirgi zuwa kasuwa, daga Kaura zuwa Ɗan Isa da Kurya. Aiki ya buɗe wa babanku a daidai lokacin da idonsa ya fara rufewa. Ni na fara ganewa. Na ga yana laluba buta da ƙafa, na ga yana gaishe da mutum sai mutumin ya yi magana kafin ya ambaci sunansa. Muka je asibiti a ɓoye, likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce take mutuwa, sai dai a rage mata sauri. A hanyar dawowa, da muka kusa gida, sai ya rage murya.

"Kada kowa shi ji," ya ce. "Ko 'yan uwanki."

Kuma da gaske, ba abin da ya gagare shi. Hannunsa ya san kowane noti, kunnensa yana jin ciwon inji tun daga bakin titi. Abu ɗaya ne kawai hannu da kunne ba sa yi. Ana ce masa baƙin mai, amma sabonsa garau yake kamar man gyaɗa, in ya kwanta a jikin geji sai mai ido sosai ke ganin inda ya tsaya. To ni ce na zama idon. Ya koya mini zanen biyu. In ya zaro geji, sai ya nufi ƙofar cikin gida kamar zai ɗauko tsumma, ya zuro hannu ta bayan labule, bakin gejin yana kallon ƙasa. Ni kuwa da na ji an kashe inji na san lokaci ya yi, ko tuwo nake tuƙawa sai na ajiye muciya na zo na tsaya. In ce masa a hankali, saura, ko in ce ya kai. Shekara biyu muna haka. Babur nawa ya fita daga zauren nan da awon idona, Allah kaɗai ya sani, kuma ba ɗaya da ya dawo da ƙorafi. Ban ɗauki abin a bakin komai ba. Na ma ji daɗinsa, in gaya muku gaskiya, domin a duk zamanmu ba lokacin da muka yi kusa kamar lokacin labulen nan.

Sai shekarar Shari'a ta zo. Ku da kuka tashi a cikinta ba za ku san yadda farkonta ya kasance ba. Mutane sun yi murna ta gaske, ni ma na yi. Kowa yana duba kansa, kowa kuma yana duba maƙwabcinsa. Aka hana mata hawa bayan 'yan kabu-kabu, aka rufe wuraren da ya kamata a rufe tun tuni, wa'azi kuma a ko'ina maganarsa awo, masu tauye mudu da abin da Allah ya tanadar musu. A kasuwar hatsi aka bi rumfa-rumfa ana karɓe tiyoyin da aka bubbuge gindinsu. Cikin waɗanda aka karɓe wa akwai Na'Allah, mai awon gero, mutumin Kurya da ke zaune a unguwarmu. An ɗaga tiyarsa sama a gaban jama'a, ya sha kunya, ya tuba. Ban ce tubansa na ƙarya ba ne. Amma tun daga ranar ya zama ba wanda ya kai shi zafi a kan awo, yana cika tiya har ta yi tozo tana zuba, yana kuma neman wanda zai kama kamar yadda aka kama shi. Babanku da ya ji yadda gari ya koma, sai ya daina tara saura a gwangwani, ya riƙa miƙa wa kowa gorarsa da abin da ya rage a ciki.

Ranar wata Talata Na'Allah ya kawo sabon baburinsa juyen mai. Ina bayan labule, na duba gejin da kaina, na ce ya kai. Sai na ji muryarsa.

"Bakanike, mi nike gani? Gora guda na kawo maka da hatiminta. Juye min ita duka."

"Cikinshi ba ya ɗaukar gora guda, Na'Allah. Ga sauranka, riƙe, ka shafa ma sarƙa."

"Ni ba sarƙa na sayo ma mai ba. Mu an hana mu rage ƙwaya guda ga tiya, ku kuna nan kuna rage ma inji abincinshi?"

"Inji ba buhu ba ne. Ba a yi mishi tozo. In ka cika shi, kashe shi za ka yi."

Ya tafi yana gunaguni. Abin da ya yi a gida, shi da bakinsa ya faɗa daga baya. Ya jingine babur a kan ƙaramar ƙafa ta gefe, yadda kowa ke ajiyewa, ya zaro geji, ya ga mai da ƙyar ya taɓa bakinsa. Bai san cewa in babur ya kwanta hagu, man duk can yake taruwa, geji kuwa a dama yake. Zuciyarsa ta ce masa an cuce shi. Ya juye sauran, bai ga ya hau yadda yake so ba, ya sayo wata gora ya yi ta ɗurawa har ya ga man ya cika ido. Ranar Alhamis ya kama hanyar kasuwar Shinkafi. Bai yi nisa ba babur ya fara hayaƙi kamar an kunna ɗanyen kara, mai yana tsiyaya ta ko'ina, ya yi tari ya mutu. A bayan motar hatsi aka dawo da shi. Kafin Juma'a magana ta cika unguwa cewa Bakanike yana satar mai, ya bar injin mutum da yunwa har ya lalace kafin mai shi ya ankara. Wasu suka tuna da gwangwanin da, suka ce ashe shekara da shekaru ake yi.

Asabar bayan la'asar suka zo. Mai unguwa, da Na'Allah, da 'yan agaji uku, shugabansu Malam Sirajo, wani malamin firamare mai sanyin murya, sai kuma 'yan kallo da suka cika rumfa. Mai unguwa dattijo ne mai son a kashe magana a gida. Ya ce in an tabbatar da tauye awo, dole maganar ta wuce gaban alƙali, a kuma sanar a masallaci don mutane su kiyaye. In ba a tabbatar ba, Na'Allah ya ba da haƙuri a nan. Hanyar tabbatarwa kuwa mai sauƙi ce: a kawo sabuwar gora, Bakanike ya sake juyen a gaban kowa, ya nuna cewa ana iya barin saura geji kuma ya cika.

Ina tsaye bayan labule, Saratu a bayana. Na ji babanku ya ɗora babur a kan babbar ƙafa. Na ji mai yana zuba a kwano, ya daɗe yana zuba, har wani ya ce kai, wannan ai ya fi gora guda da rabi. Na ji ya kwance fulogi ya sa wani, ya wanke abin da mai ya jiƙa, duk da lalube, ba wanda ya lura. Ya zuba sabon mai da ragi kamar kullum, ya tada injin, injin ya tashi. Ya kashe, ya jira. Sannan na ji takunsa ya nufo ni.

"Ina za ka da shi?" in ji Na'Allah. "A'a. Nan za a duba, gaban mutane. Kada a kai shi ciki a tsoma cikin wani abu."

"Tsumma zan ɗauko."

"Ga tsumma nan ga kafaɗarka."

Na leƙa ta gefen labule. Babanku yana tsaye a tsakiyar zauren da ya daidaita da hannunsa, geji a ɗage saitin fuskarsa, yana juya shi wajen hasken ƙofa. Ba ya ganin komai. In ya ce ya kai alhali bai kai ba, ya kama kansa da kansa. In ya ƙara da ka, zai iya wucewa. In ya miƙa wa wani ya ce duba mini, to ya faɗi abin da ya fi ƙarfin bakinsa.

"Malam, nuna muna inda man ya tsaya," Malam Sirajo ya ce a hankali.

"Kun gani ko?" in ji Na'Allah. "Ya kasa magana. Ni ma haka na yi ranar da anka ɗaga tiyata."

Sai na ji babanku ya gyara murya. Na san muryar nan, da ita yake magana in ya riga ya yanke shawara.

"Mai unguwa, ku yi haƙuri. Duk abin da kunka ga ya dace a yi min..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Ku sani, ba ruɗewa na yi ba, ba kuma zuciya ce ta ɗebe ni ba kamar yadda goggonku take faɗa. Na fahimci abin da yake yi sarai. Ya auna sunaye biyu, ɓarawo da makaho, ya zaɓi ɓarawo. Ni kuma na auna, ban zaɓi abin da ya zaɓa ba. Na ja hijabina na ɗaga labule na fito, ni da ban taɓa taka zauren nan da baƙon namiji a ciki ba.

"Subhanallahi," in ji ɗaya daga cikin 'yan agajin. "Baiwar Allah, koma ciki, maza na magana."

"Maza sun yi magana tun Alhamis, ba su faɗi gaskiya ba. Matsa min."

Na karɓi gejin a hannun babanku. Bai saki da wuri ba, sai da na ja. Na goge shi da bakin hijabina, na saka ba tare da na murɗa ba, na zaro, na ɗaga. Man yana ɗan sama da zanen ƙasa.

"Saura," na ce.

Abin da ya tona mu ke nan, ba wata magana ba. Domin hannunsa bai jira shawararsa ba. Da ya ji kalmar nan sai ya karkata gorar ya ɗiga, daidai yadda ya saba, ya tsaya. Na sake gogewa, na saka, na zaro, na ce saura kaɗan. Ya ɗiga. Na uku na ce ya kai, ya ɗaga gorar ya rufe. Duk wanda ke wurin ya ga cewa wannan ba aikin yau ba ne. Na karɓi gorar na ɗaga ta sama kamar yadda aka ɗaga tiyar Na'Allah, ga saura nan, yatsa biyu. Na zagaya da geji, na nuna wa Mai unguwa, na nuna wa Malam Sirajo, na kai shi har gaban hancin mai ƙara.

"Na'Allah, ya cika ko bai cika ba?"

"Ya cika. Amma ni da na duba gida..."

"Sauke shi ka jingine yadda ka jingine gida. Da hannunka, kada ka ce mun taɓa."

Ya sauke babur ya kwantar a ƙafar gefe. Muka jira. Na ce ya goge ya saka ya zaro da kansa. Man da ƙyar ya jiƙa bakin geji.

"To ina man ya tafi? Ni na sha, ko Saratu da ke bayana?"

Rumfa ta ɗauki dariya, har Mai unguwa sai da ya rufe baki da rawani. Malam Sirajo ya durƙusa ya shafa jikin injin kusa da murfin, ya ce ai ga shi ma an rubuta a nan, masu ƙera shi sun faɗi abin da yake ɗauka, bai kai lita ba. Na kalli inda yatsansa yake. Shekara biyu ina ganin zanen nan a jikin injuna, na ɗauka ado ne. Amsar da za ta wanke mijina tana rubuce a ƙarfe, ni ban iya karanta ta ba. Wannan ya tsaya mini a rai, shi ne kuma ya kai ni ajin yaƙi da jahilci bayan shekaru, na zauna a tabarma ɗaya da sa'o'in Lawali ina koyon baƙi da wasali. Na'Allah ya ba da haƙuri, ya ba da shi da kyau kuwa, har da hawaye. Na ɗauka an gama. Sai Mai unguwa ya juya wajen babanku, ya sassauta murya.

"Bakanike, idon ne?"

"Shi ne."

"Tun yaushe?"

Ni na amsa, na ce shekara biyu ke nan ni ke duba masa. Aka yi ta salati, aka yi ta Allah ya sawwaƙe, mutane suka fita a hankali kamar daga gidan gaisuwa. Kowa ya zo wucewa sai ya kama hannunsa ya girgiza a tausashe. Ina kallon fuskarsa, kowane hannu kamar mari.

Da zaure ya watse ya shigo ya zauna a bakin rijiya, bai ko wanke hannu ba.

"Da kin bar ni," ya ce.

"In bar ka su kira ka ɓarawo a masallaci?"

"Ɓarawo tuba shikai, shi koma aikinshi. Ba ki ga Na'Allah ba? Makaho fa, mi zai tuba daga gare shi?"

"Ɗiyan ɓarawo fa? Su da wa za su tuba?"

Kuma abin da ya faɗa gaskiya ne, ban taɓa cewa ƙarya ba ne. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ce aikinsa ya lalace. Tausayi ne ya cinye garejin. Mutum zai biyo da babur, ya tsaya ya gaishe shi da ladabi, ya ce ba ya son wahalar da Malam, ya wuce gaba wajen yaran da shi ya koya musu riƙon sifana. Wasu kuma ba za su kawo abin hawansu inda mace ke duba mai ba, a shekarar da mace ba ta ko hawa bayansa. Na ce mu ci gaba a fili, ni in duba shi ya zuba, tunda ba sauran abin ɓoyewa. Ya ce a bayan labule ni idonsa ce, a gaban labule kuwa shi ne ɗan aikena. Kafin damina ta faɗi ya tattara kayan aikinsa a akwatin ƙarfe ya kulle. Na koma suyar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da su muka ci. Lawali, kai ka dawo hutu ba ka koma ba, na kuma san wannan ne ainihin abin da ke cin ka, ba garejin ba. Ba zan ce maka bai kai abin ciwo ba. Ka fi duk 'yan ajinku kai, na sani, malaminku har gida ya zo. Na'Allah kuwa duk kaka sai ya aiko da gero, an cika an yi tozo, babanku bai taɓa cin tuwon geron nan ba in ya san daga inda ya fito. Wata bakwai ba ya yi mini magana sai ta dole, ruwa, abinci, lokacin salla. Muna ɗaki ɗaya kamar baƙi a tasha.

An sha tambayata ko na yi nadama. Na yi kuka, wannan na yi shi da yawa, a madafi inda hayaƙi zai ɗauki laifin. Nadama kuwa ban yi ba. Na karya masa alkawari, na tsallake hukuncinsa a gaban maza, zan amsa wannan a gaban Allah, ba a gabanku ba. Amma ku tuna, lokacin da aka zo neman auren Saratu daga Zurmi, dangin mijin sun shiga kasuwar Kaura suna tambayar asalinta. Rumfar da suka fara tsayawa ta Na'Allah ce. Shi ya ce musu ɗiyar mutumin da bai taɓa rage wa kowa ɗigo ba ce, in sun sami irinta su riƙe da hannu biyu. Ku tambayi kanku abin da zai ce da na tsaya a bayan labule.

Babanku bai taɓa cewa ya yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba. Abin da nake da shi guda ɗaya ne, kuma Lawali kana wurin, sai dai ban san ko ka gane abin da ka gani ba. A shekararsa ta ƙarshe, lokacin da ka sayi baburinka na kanka kana jigilar kaya tsakanin Kaura da Zurmi, ka zo da shi da hantsi, babanku yana zaune a rumfa da abokansa uku. Ya saurari kukan injin, ya tambaye ka wa ya yi maka juye, ka ce wani yaro a bakin tasha. Ya ce a tsaye ko a jingine? Ka ce ba ka lura ba. Ya ce ka turo shi cikin zaure. Ya tashi da sandarsa, ya laluba ya ɗora shi a kan babbar ƙafa da kansa, ya jira man ya kwanta, ya kwance murfin, ya goge geji da bakin rigarsa, ya saka ya zaro. Ka miƙa hannu za ka karɓa, ya kauce maka. Bai nufi labule ba. Daga inda yake tsaye, abokansa suna ji, ya ɗaga murya ya kira ni da sunana, abin da bai yi ba tun ina amarya.

"Hajo! Zo ki duba muna."

Na fito da kullu a hannuna. Na karɓa, na ɗaga wajen hasken ƙofa. Nawa idon ma ya fara gajiya lokacin, sai da na matso da shi kusa. Man yana nan a kwance, ɗan ƙasa da zanen sama.

"Ya kai," na ce.

"To," ya ce da kai. "Ka ji. Rufe."